Laccar sararin samaniya ta intanet da Hausa daga Jos: ta ina za mu fara?

Malamin_Jogarafi (Jos)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu wasu malaman sakandare ne a nan Jos, muna so mu fara gabatar da lacca ta intanet sau ɗaya a wata kan ilimin falaki, da Hausa, don jama'ar gari: 'yan kasuwa, matan aure, ɗalibai, duk dai mai waya a hannu. Kayan da muke da su ba yawa. Laftof ɗaya, wayoyinmu, sai madubin hangen nesa na makaranta mai faɗin baki milimita 70, an rubuta 900 a jikinsa, da gilasan ido guda biyu, ɗaya 25 ɗaya 10.

Wace manhaja ta fi dacewa da mutanen da datarsu ba ta da yawa? Wace rana da wane lokaci? Wannan madubin zai iya nuna wa mutane wata kai tsaye, ko mu haƙura da hotuna? Sannan wasu a cikinmu na ganin kada mu wahalar da kanmu, mu riƙa kunna laccocin Ingila da Amurka muna fassarawa kawai. Masana, a taimaka mana da shawara. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan_Sauti (Kubwa, Abuja)

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ɓangaren na'ura, masu madubi su zo su yi nasu.

Ku fara gyara murya kafin hoto. Mai kallo zai jure hoto ya dushe ko ya tsaya cak na ɗan lokaci, amma da zarar magana ta fara yankewa zai fita, kuma ba zai dawo ba. Makirfon da ke jikin laftof yana kwaso ƙarar fanka da amsa-kuwwar ɗaki. Iyafis mai waya na talaka ya fi shi nesa ba kusa ba, a saƙala makirfon kamar taƙi ɗaya daga baki. A zauna a ɗaki mai labule da kafet, ba ajin da babu kowa ba. Idan na'ura biyu sun shiga taron daga ɗaki ɗaya, a rufe makirfo da lasifikar ɗaya gaba ɗaya, in ba haka ba wannan kukan mai huda kunne zai tashi.

Batun manhaja, Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, kuma mutum 100 ne iyakarsa. Google Meet na kyauta yana ba da awa ɗaya, shi ma mutum 100. Kiran WhatsApp bai wuce mutum 32. Don jama'ar gari ni YouTube ko Facebook kai tsaye na fi so, domin ba sai kowa ya sauke sabuwar manhaja ba, kuma babu wanda zai buɗe makirfo a ji kukan yaro da ƙarar talabijin. Tambaya a rubuce take zuwa. Amma ku kula da abu uku. YouTube na iya ɗaukar awa 24 kafin ya buɗe wa sabuwar tasha damar watsa shiri kai tsaye, don haka kada a bari sai ranar. Daga waya yana neman mabiya 50, daga kwamfuta ba ya nema. Facebook kuma tun 2025 yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30, saboda haka ku riƙa naɗa naku a laftof.

A laftof ɗin ku sa OBS Studio, kyauta ce. Ita za ta haɗa fuskar mai magana, hotuna, da taswirar sama a allo ɗaya. Ku saita ta a 720p, gudun turawa kilobit 2,500 a sakan. Wannan zai ci muku data kusan gigabait 1.2 a awa. Ku gwada ƙarfin turawar layinku, ba na saukewa ba, a daidai lokacin da za ku yi laccar kuma a daidai wurin, don netwok ɗin ƙarfe tara na dare ba irin na hantsi ba ne. Idan turawar ba ta kai megabit 5 ba, ku sauko 480p da kilobit 1,200. Ku ajiye layin wani kamfani daban a wata wayar. Ku riƙa tuna wa masu kallo su sa nasu a 360p, kusan megabait 300 ne a awa.

Wuta kuwa, kada a dogara da NEPA ko da an kawo. A cika laftof, a jona abin intanet ɗin da fawabank tun farko, don idan aka ɗauke wuta ya mutu, kafin ya sake kamawa rabin mutane sun watse. Janareto a nesa da makirfo.

Wani abu da ke ba sababbi mamaki: taswirar sama tana kyau a laftof, amma a wayar mai kallo baƙi ƙirin kawai ake gani. Dalili shi ne matse bidiyon da manhaja ke yi yana share ƙananan ɗigon haske a kan baƙin fili. Maganinsa a ƙara girman taurari da girman rubutu a cikin saitin taswirar, a kunna layukan da ke haɗa taurari, sannan wani ya duba da ƙaramar waya kafin a fara. Kuma akwai jinkirin sakan 20 ko fiye tsakanin maganarku da isarta, don haka in kun yi tambaya ku ɗan dakata kafin ku ce babu mai amsa.

Mai_Madubi (Rayfield, Jos)

Malam, madubinku zai nuna wata, kuma zai nuna shi da kyau. Abin da ba zai yi ba shi ne irin hotunan nan masu launi da ake yaɗawa, waɗanda manyan maduban Hubble da James Webb ke ɗauka daga sama. Ku faɗa wa mutane haka tun farko.

Ga lissafin. Ana raba 900 ɗin nan da lambar gilashin ido. Na 25 zai ba ku girma sau 36, na 10 sau 90. Iyakar abin da baki mai milimita 70 zai ɗauka kusan sau 140 ne, fiye da haka sai dishi-dishi. Don shirin kai tsaye ku tsaya a na 25. Duniya na juyawa digiri 15 a awa, faɗin wata kuma rabin digiri ne, wato cikin minti biyu wata ya gusa da tsawon faɗinsa. A sau 36 kuna da kusan minti uku kafin ya kai gefe daga tsakiya. A sau 90 kuwa ya cika gilashin, kafin mai magana ya gama jimla biyu ya fara sulalewa. Saboda haka mutum ɗaya aikinsa kenan, ya tsaya gun madubi yana turawa a hankali. Mai lacca ba zai iya haɗa biyun ba.

Ku nemi mariƙin da ke ɗaure waya a bakin gilashin ido. Riƙewa da hannu ba ya yi. Idan kun ga da'irar haske ƙarama da baƙi kewaye, ko dai kyamarar ba ta daidaita da tsakiyar gilashin ba, ko tazararta ba daidai ba. Wayoyi masu kyamara uku sukan sauya kyamara da kansu, hoton ya ɓace, don haka a shiga yanayin da ake saita komai da hannu. Wata yana da haske ƙwarai a kan baƙar sama, wayar kuma za ta buɗe ido sosai ya zama farin faifai babu komai a kai. A danna kan watan a kulle, a rage haske, ko a sa ISO 100 da saurin ɗauka wajen 1/125 zuwa 1/250, a gyara daga nan. Ƙaramin madubin saiti da ke gefe a daidaita shi da rana tsaka a kan wata eriya mai nisa, kuma ko da wasa kada a juya wajen rana. Ku kuma gaya wa masu kallo cewa hoton zai iya fitowa a juye, dama ta koma hagu, don kada su fita waje su rikice.

Ranar lacca ku ɗaure ta da watan Musulunci, ba na Bature ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen daren sha huɗu, wai wata ya cika. A daren nan hasken rana na dukan fuskarsa kai tsaye, babu inuwa, ramuka da duwatsun duk sun baje. Inuwar tana fitowa ne a iyakar haske da duhu. Ku ce Asabar ɗin da ta faɗo tsakanin 6 da 12 ga wata, kullum akwai guda ɗaya tak a ciki. Ƙarfe takwas da rabi, an idar da Isha'i a kowane lokaci na shekara, watan kuma yana sama.

Yanayin Jos sai an yi masa dabara. Daga Afrilu zuwa Oktoba gajimare ne, Yuli da Agusta ma kada ku sa rai. Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, yana cinye taurarin da ke ƙasa-ƙasa, ko da yake wata da manyan duniyoyi suna ratsa shi. Garau ɗin sama yana ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya wanke ƙura, hunturu bai kankama ba, ga tudun Jos na sama da mita 1,200 yana taimakawa. Sai dai a lokacin raɓa na sauka kan gilashi. Kada a goge da riga, a naɗe kwali a bakin madubin ya zarce kamar santimita 15. A fitar da shi waje minti 20 kafin a fara don ya saba da sanyin. Kuma duk daren da sama ta yi kyau ku ɗauki bidiyon minti biyar ku ajiye. Ranar da hadari ya rufe sai ku saka shi, ku faɗi gaskiya cewa na ranar kaza ne.

Bayan wata, Mushtari, wato Jufita, shi ne na biyu. Za a ga watanninsa huɗu da Galileo ya gano a 1610 a jere kamar ɗigo, kuma wurinsu na sauyawa daga dare zuwa dare, na kusa da shi bai cika kwana biyu yake zagayowa ba. A waya sai an zaɓa: ko a ga ɗigon huɗu shi ya zama farin dunƙule, ko a rage haske a ga zanen jikinsa, ɗigon huɗun su ɓace. Zoben duniyar Zuhal, wato Saturn, na fitowa a sau 90, ƙarami ƙwarai. Taurarin da ke tsinkewa a daren 13 da 14 ga Disamba kuwa kada ku yi alkawarin nuna su, waya ba ta kama su. Ku koya wa mutane yadda za su kalla da idonsu, su kashe fitila, su ba ido minti 20 ya saba da duhu.

Hajiya_Falaki (Gwarinpa, Abuja)

Sannunku da ƙoƙari Malam. Injiniya da Mai Madubi sun gama da kayan aiki, ni abin da za a faɗa ne damuwata, kuma ban goyi bayan masu cewa a kunna na Turawa a fassara ba.

Laccocin can suna da kyau, ku malaman ku riƙa kallonsu don ƙaruwa. Royal Astronomical Society ta Landan na yi wa jama'a, cibiyar JPL ta NASA na yi, akwai kuma Virtual Telescope Project a Italiya da ke nuna sama kai tsaye. Amma ku duba agogo. Ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka sha biyun dare ne a nan lokacin bazararsu, ƙarfe ɗaya lokacin sanyinsu. Na Kalifoniya ƙarfe uku ko huɗu na asuba. Ingila ce mai sauƙi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya. Ga batun haƙƙin mallaka, sake watsa bidiyon wani ba izini na iya sa a rufe muku tasha. Hotunan NASA galibi an yarda a yi amfani da su, a dai ambaci mai su.

Babban dalilina shi ne samansu ba namu ba ne. Mai lacca a Landan zai ce ga tauraron arewa can sama. A Jos, da ke wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, tsayinsa dunƙulen hannu ɗaya ne daga ƙasa in ka miƙe hannu, sau da yawa dutse ko hazo ya rufe shi. Mu kuma muna ganin abin da ba sa gani, irin su Alfa Sentauri, mafi kusa da rana cikin taurarin da ido ke gani, wanda haskensa ke shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso, yana ƙasa-ƙasa ta kudu da daren Mayu da Yuni in an dace da sarari. Ku sauke Stellarium, manhajar taswirar sama, kyauta ce, ku sa mata Jos, ku sa ranar da lokacin laccar. Abin da ta nuna shi ne manhajar karatunku.

Kowace lacca maudu'i ɗaya, minti 25 na bayani, sauran tambayoyi, kada duka ya wuce minti 50. Kuma a gina ta kan abin da mai sauraro zai fita tsakar gida ya ɗaga kai ya gani a daren, gani ya kori ji. A tsakiyar laccar ma a ce kowa ya fita minti uku ya dubi yamma ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Ku fara da abin da mutane suka riga suka sani. Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniyar Zuhura, tana sauya gefe cikin zagayen kwana 584, wannan kaɗai lacca ce guda. Kaza da 'ya'yanta na fitowa ta gabas da daren Nuwamba, a tambayi mutane guda nawa suka ƙirga. Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi ita ce tauraruwa mafi haske a sama da dare, haskenta na shekara takwas da rabi a hanya. Jos gari ne na kowa da kowa, ku tuna ranar Ista ma da cikar wata ake lissafa ta, don haka zancen wata ya shafi kowa.

Manyan lambobi ba sa zama a kai. In kun ce wata na nesa da kilomita 384,400, an ji an wuce. Ku ɗauko ƙwallon ƙafa ku ce ita ce duniya, ku ba wani lemun zaƙi ƙarami ya ja da baya mita shida da rabi, kyamara na nuna su. Sai ku ce a wannan ma'aunin rana faɗinta mita 24, tana nesa da fiye da kilomita biyu da rabi.

Ku sa mutum ɗaya kan tambayoyi, ya tace, ya karanto. Za a tambaye ku tauraron wane da wance sun dace da aure, za a tambayi sa'a da rashin sa'a. A amsa sau ɗaya cikin ladabi cewa wannan fagen auna tafiyar rana da wata ne, ba duba ba, a wuce. Za a kuma turo hoton fitilu a jere suna tafiya a sama ana cewa alama ce, galibi taurarin ɗan'adam na Starlink ne da aka harba kwanan nan. In kuna son baƙo, hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999 tana nan Abuja, cibiyarta ta nazarin falaki na Nsukka, kuma akwai cibiyarta ta ɗaukar bayanan ƙasa daga sama a nan Jos ɗinku. A rubuta takarda da wuri. Makon sararin samaniya na duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, lokaci ne da ya dace da gayyata.

Malamin_Jogarafi (Jos)

Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya, abin da muke jin tsoro shi ne ganin watan azumi da na sallah. Mun san za a tambaya. Mu taɓa shi ko mu kauce?

Dattijon_Unguwar_Rogo (Jos)

Ɗana, ku taɓa shi, amma ku san iyakarku. Sanar da tsayuwar wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne da kwamitin ganin wata. Ku naku bayanin yadda abin ke tafiya, kuma ku yi laccar a Rajab ko farkon Sha'aban, ba daren 29 da rai ya ɗauki zafi ba.

Abin da za ku bayyana ba shi da yawa. Daga haɗuwar wata da rana zuwa wata haɗuwar, matsakaici kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekara kuma 354 ko 355. Bayan haɗuwar, wata na nisantar rana da kusan digiri 12 a kwana. In tazararsu ba ta kai wajen digiri 7 ba, babu jinjirin da za a gani, ko da madubi irin naku. Wanda bai kai awa 15 da haɗuwa ba ido bai cika kama shi ba. Kuma dole ya faɗi bayan rana, in ya riga ta faɗuwa to babu abin nema a yammacin. Wannan zai warware muku tsohuwar gardamar nan ta cewa jinjiri ya yi girma, lallai na kwana biyu ne. In jiya yana da awa 10 bai ganu ba, yau yana da 34, dole ya fito da kauri ya kuma daɗe bai faɗi ba, alhali daren farko ne. Ku nuna haka a Stellarium, yammacin jiya da na yau gefe da gefe.

Ina da gyara kaɗan ga Injiniya. Da yawa daga cikin waɗanda kuke nema ba za su zauna kan bidiyo na awa ɗaya ba, ko don data ko don hidimar gida. Bayan kowace lacca ku cire muryar zalla, awa ɗaya a kilobit 64 bai kai megabait 30 ba, ku yanka ta gida uku ku tura WhatsApp tare da hoto biyu ko uku. Wannan na nufin mai magana ya daina cewa "kun ga wannan nan", ya riƙa cewa ta yamma, dunƙulen hannu biyu sama da inda rana ta faɗi.

Sai husufin rana, wanda shi kaɗai ne a wannan fagen ke iya nakasa mutum. Manya sun tuna na 29 ga Maris 2006 da ya duhunta wasu sassan ƙasar nan. Na 2 ga Agusta 2027 zai rufe rana ruf a Luksor ta Masar da Makka, mu nan ɓangare kaɗan za mu samu da hantsi, ga shi tsakiyar damina. Na 20 ga Maris 2034 zai ratsa Najeriya, Legas na kan hanyarsa. Ku fara jan kunne tun yanzu: baƙin tabarau, fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, kallo a cikin ruwan bokiti, duk ba sa kare ido, kuma ƙunar ba ta zafi a lokacin, sai daga baya mutum ya ga tabo a tsakiyar ganinsa. Abin da ya halatta shi ne tabarau mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Wanda bai samu ba ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya faɗa kan farar takarda. Matsamin taliya ma na yi, kowace huda za ta zana rana da gefenta a gutsure. Madubinku kuwa, in ba ku da matatar rana da ake ɗaurawa a bakinsa na gaba, a bar shi cikin akwati ranar, kuma irin ƙaramar matatar da ake murɗawa a gilashin ido a jefar da ita, zafi na fasa ta.